Dalilin da ya sa na ƙi karɓar shagon bakin titi

Ni haifaffiyar Tudun Wada ce a nan Kaduna, sana'ata sayar da atamfa da shadda da leshi da mayafai. Kwanakin nan mata da yawa, musamman masu shirin fara sana'a, suna turo min tambaya iri ɗaya: "Anti, in kama shago ne, ko in tsaya a waya?" Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kaya, kowa ta tsinci abin da zai amfane ta.

Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Yaran yanzu ba su san Kakurin da muka sani ba. Tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957 masaƙu suka yi ta ƙaruwa, su Arewa Textiles, su Nortex, su UNTL, har ya zama atamfar da matan Arewa ke ɗaurawa, mai yawa daga cikinta a garin nan ake buga ta. Daga farkon shekarun 2000 suka soma rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin Baba ya tafi a wannan guguwar, nauyin gida ya dawo kan Inna.

Inna dillaliya ce. Ƙaninta, Kawu, yana da shagon atamfa a Kasuwar Barci, wurinsa take karɓo kaya, ta ƙunshe a zani, ta bi gidaje. In na taso daga Islamiyya ni ke ɗaukar ƙunshin in bi bayanta. Ta san gidan da aka sa ranar biki, ta san matar da za ta kwashi adashe ƙarshen wata, ta san wadda mijinta ke biya a kan kari da wadda sai an yi ta sintiri. Matar da ba ta fita kasuwa, kasuwar ce ke zuwar mata har tsakar gida. Ta warware turmi, ta murza, ta ɗaga shi a rana, wata ma ta jiƙa gefensa ta goga a farin ƙyalle ta ga ko yana zuba. Inna ba ta taɓa biyan ko kwabo na hayar shago ba, kuma da la'adar nan ta yi mana makaranta.

Bayan aurena, wajen 2018, ƙafafun Inna suka fara gazawa, matan da ta saba kai wa kaya suka koma kirana. Ni kuwa ga goyo, maigida kuma ba ya son yawon gidaje. Sai na riƙa zuwa shagon Kawu in ɗauki hoton sababbin kaya in ɗora a sitatus na WhatsApp. Wadda ta ga ya yi mata ta yi magana, in aika yaro ya karɓo, ya kai mata. Kawu dariya yake min. Ya ce, "Ke 'yar nan, wace mai hankali ce za ta sayi turmi ba ta taɓa shi ba? Gani ya kori ji, amma a sana'ar nan taɓawa ta kori gani." Ban yi musu da shi ba, don a lokacin cinikina bai kai a tsaya musu a kansa ba.

Sai 2020 ta zo da abu biyu a wata guda. A cikin Maris aka rushe Kasuwar Barci domin a sake gina ta, kafin watan ya ƙare kuma aka sa dokar kulle saboda korona, ba shiga ba fita. Kawu ya rasa inda zai kai kayansa, aka jibge su a ɗakin baƙinmu har kusa da silin. Kasuwannin wucin gadi da aka buɗe a makarantun unguwanni na abinci ne, ba wanda ke maganar atamfa. Ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, Sallah ta faɗo 24 ga Mayu. Kulle ko ba kulle, uwa ba za ta so yaranta su wayi gari ranar Sallah da tsohon kaya ba. Na riƙa shimfiɗa turame a tsakar gida ina ɗauka ina ɗorawa, na kusa yara su miƙa musu, na nesa a jira ranar da aka sassauta doka maigida ya kai. Mutumin da ke min dariya shi ne ya koma kirana kullum bayan sallar isha'i: "'Yar nan, turmi nawa suka fita yau?" Da cinikin wayar nan gidaje uku suka ci abinci a wannan shekarar, namu da na Kawu da na Inna. Wannan alherin ba zan manta shi ba, duk abin da zan faɗa a gaba kuwa.

Bayan an buɗe gari na ci gaba, na ƙara da Instagram da Facebook, na fara zuwa sari Kantin Kwari da jarina. A nan na fara ganin inda ribar waya ke zurarewa, kuma ba ta ƙofa ɗaya take fita ba.

Mu fara da kala. Kyamarar waya ba ta da amana a kan ja da shuɗi da ruwan toka. Atamfar da take ja mai duhu a hannu, a hoto sai ta fito jawur, kuma wayar mai saye ta sake canza ta yadda ta ga dama. A kai wa mace kaya ta ce ba shi ta gani ba, kuma ba ƙarya take yi ba. Na koyi ɗaukar hoto da hantsi a inuwa, in shimfiɗa a kan farin zanin gado, in ƙara da ɗan bidiyo ina murza yadin da hannu don a ji ƙararsa. Ya rage dawo da kaya, bai hana ba. Leshi kuwa nauyinsa da laushinsa su ne kuɗinsa, kuma babu hoton da ke nuna nauyi.

Wanda ya fi cin raina shi ne maganar farashi. A kasuwa mutum ya zo ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ku yi ta ja har ka sallama. Kafin ya je ya tambayi shago biyar ya gaji, rana ta dake shi, ya dawo. A waya kuwa mace tana kwance a ɗakinta za ta aika wa mutum goma "nawa?" a cikin minti biyu, ta ɗauki mafi araha, sauran ko sallama ba za ta yi musu ba. To da a ce kayan iri ɗaya ne da ba komai. Amma atamfar Holan da kamfanin Vlisco ke bugawa, da kwafinta da ake yi a Sin, zane ɗaya ne a hoto. Shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya da wadda aka buga wa tambarinta na jabu, duk ƙyalli ɗaya suke yi a waya. Na sha ganin hotona, da zanin gadona a ƙasa, a shafin wata ta sa rabin kuɗin da na sa. Mai gaskiya ita ce ke zama mai tsada, sai bayan wanki biyu mai saye ta gane, lokacin kuɗinta ya riga ya tafi. Kuma ba wadda ta cuce ta kaɗai za ta daina yarda da ita ba, duk masu sayarwa a waya ne za ta yi wa kuɗin goro.

Ga kuma kai kaya. Manyan kantunan intanet irin su Jumia da Konga, da suka fara a 2012, da tsarin a kawo maka kaya sannan ka biya suka jawo mutane, domin sun san ɗan Najeriya ba zai tura kuɗi ga wanda bai gani ba. Jama'a suka saba da hakan. Babban kamfani zai iya haɗiye asarar kayan da aka ƙi karɓa, ni mai ribar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan turmi, ina zan iya? Akwai wadda ta sa na ba mai Keke kaya tun daga Tudun Wada har Barnawa, ya isa layin da ta kwatanta, ta kashe waya. Na biya shi zuwa, na biya shi dawowa, ribar turmi uku ta tafi a kan cinikin da ba a yi ba. Na wajen gari kuma sai an kai tashar Kawo an ba direba, ka zauna da fargaba har a ce ya isa. Alat na bogi ma ya zo yayi, har na kafa doka: ba hoton rasit nake kallo ba, sai na buɗe asusuna na ga kuɗi sun zauna kafin kaya su bar gida. Wasu suna jin haushi, suna cewa ban yarda da su ba. Ni kuwa ban san su ba, ina zancen yarda ya taso?

Waya dillaliya ce, ta ma fi Inna sauri, tana shiga gida ɗari kafin azahar. Sai dai ba ta ɗauke da ƙunshin kaya da za a taɓa, kuma ba ta san halin kowa a gidajen da take shiga ba.

A 2021 wani abu ya ƙara buɗe min ido. Ƙarshen Satumba aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro, kwastomomina na can suka yi ɗif. Ana cikin haka, ranar 4 ga Oktoba, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida. Awa shida ba wani abu ba ne. Amma na zauna riƙe da waya ina tunanin da a ce ba su dawo ba fa? A shekarar ne kuma gwamnati ta rufe Twitter tun daga watan Yuni, masu sana'a a can suka wayi gari babu rumfa. Washegari na sayi babban littafi na fara rubuta kowace mai saye: lambarta, unguwarta, kalar da take so, ko tana da 'yan mata da suka tasa. Abin da Inna ke riƙewa a ka ke nan, ni na mayar da shi takarda. Har yau littafin nan ya fi yawan mabiyana na Instagram amfani a wurina.

Kada in yi wa waya butulci, ta sake fitar da ni kunya sau biyu. Lokacin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja hari ranar 28 ga Maris 2022, jirgi ya tsaya har watan Disamba, matan Abuja da ke sauka Rigasa su yi sayayya su koma suka daina zuwa. Masu shago sun rasa su, ni ban rasa nawa ba. Sai kuma canjin kuɗi. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, tsoffin kuɗi an karɓe, sababbi babu. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, sai 3 ga Maris ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsoffin. A tsakanin nan kasuwa ta ga tasku. Dattawan da duk rayuwarsu tsabar kuɗi suka sani suka zauna suna kallon mai saye ya zo ya tafi. Ni kwastomomina sun daɗe da sabawa da taransifa. A lokacin Kawu ya sa yaronsa ya karɓo masa na'urar POS, bayan shekaru yana cewa shi ba zai sayar da kaya a ba shi lamba ba.

Abin da ya sauya lissafina gaba ɗaya shi ne cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a 'yan kwanaki, kuɗin Keke ya bi ta. Sai mace ta amince da kuɗin atamfa, da ta ji na kai mata sai ta fasa. A watan Yuni aka saki naira, dala ta bar wajen 460 ta haura 700, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kayanmu kuwa kusan duk na waje ne tun da masaƙunmu suka mutu. Farashin da na ɗora a sitatus jiya, yau in na sayar a kansa ba zan iya saro madadinsa ba, ga mai saye ta riga ta ɗauki hoton farashin tana kafa min hujja. A nan Kawu ya koya min abin da waya ba ta koyarwa. Ya ce, "In kasuwa na gudu, kada ki dubi yadda kika saro. Ki dubi yadda za ki saro gobe. In ba haka ba kina ciniki, shago yana ramewa." Daga nan na riƙa kiran Kwari da safe kafin in sa wa komai kuɗi, na kuma riƙa rubuta kwanan wata a jikin kowane hoto.

A wannan tsakanin maigida da Kawu suka haɗa kai suka ce lokacin shago ya yi. Ni ma na yarda. Kawu ya samo min wani a bakin babban titi, kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda jama'a ke wucewa daga safe har magariba. Shago ne na gani na faɗa. Na tambayi kuɗin haya, na dawo gida na ɗauki biro na raba shi da ribar turmi ɗaya, na ga turamen da zan sayar kowane wata kafin ko sisi ya zama nawa. Na ce ba na so.

Kawu bai ji daɗi ba. Ya zo har gida ya ce, "'Yar nan, kasuwa a kai miki dole. Wa ya taɓa ɓoye shago ya yi arziki?" Na durƙusa na ce, "Kawu, ku yi haƙuri ku saurare ni. Tsadar shagon nan ba ta ginin ba ce, ta idon masu wucewa ce. Ku kuna buƙatar idon nan, don ta nan masu saye ke samunku. Ni nawa suna cikin waya, na riga na biya kuɗinsu da data da shekarun da na yi ina ɗora hoto. In na kama shagon nan na sayi abu ɗaya sau biyu. Abin da ba ni da shi shi ne inda mace za ta zo ta taɓa kaya, ta kuma san inda za ta same ni in na cuce ta." Ya yi shiru, ya ce shi dai ya faɗi nasa. Inna da ke gefe ta ce, "Ƙyale ta, Malam. Ni da ba ni da ko rumfa ai na aurar da su."

Na kama ɗan shago a cikin layi a nan Tudun Wada, inda mota ke iya tsayawa amma ba mai wucewa da zai yi tuntuɓe da shi. Hayarsa ba ta kama ƙafar wancan ba. Na sa fanka, na shimfiɗa darduma, na sa madubi da labule. Abin da na rage na haya na zuba shi a kaya.

Yanzu kowane kaya da hanyarsa. Wanda ke da suna, wanda mai saye ta riga ta san shi, kamar Getzner da Holan, waya ke sayar da shi, riba kaɗan amma yana juyawa da sauri, kuma wadda ta taɓa zuwa shagon ta ga na ainihi ne ba ta sake tambayar dalilin da ya sa nawa ya fi na wance kuɗi. Leshi da yadin maza da duk sabon abin da ba a saba da shi ba, hoton kira ne kawai, a ƙarƙashinsa nakan rubuta "a zo a gani". Kwantai kuma, wanda ya yi wata da watanni bai motsa ba, in karya kuɗinsa in watsa a sitatus, ya fita ko da uwar kuɗi ce kawai ta dawo, don kayan da ke kwance jari ne da aka ɗaure. 'Yan cikin gari da dama sun koma zuwa su karɓa da kansu maimakon biyan Keke, kuma a nan ribar take. Wadda ta saya a waya turmin da ta gani kaɗai take ɗauka. Wadda ta tako shago don turmi ɗaya, da wuya ta fita ba ta haɗa da mayafin da ya shiga da shi ba, wata ma ta tuna ɗiyarta ba ta da na Sallah.

Kayan lefe kuwa ba a maganarsu a waya sam. Gwaggon ango da yayyensa za su zo su huɗu ko biyar, a kawo ruwa, a baje kaya, wannan ta ce dangin amarya za su raina, waccan ta ce kuɗin bai kai ba, a yi awa biyu ana cirewa ana mayarwa. Cinikin yini ɗaya irin wannan ya kan fi na sati guda a waya. Babu dangin da za su tura kuɗin akwatuna ga lambar da ba su san fuskar mai ita ba, kuma kafin in kama shago duk irin wannan cinikin wuce ni yake yi ya tafi kasuwa. Bashi ma a shago kaɗai nake bayarwa, ga wadda na san gidanta kuma sunanta na cikin littafi.

Sai dai in gaya wa masu tambayata gaskiya, shagon cikin layi ya yi min ne domin na shekara biyar ina tara mutane kafin in kama shi. Wata maƙwabciyata ta ga nawa ta kama irinsa ba ta da kowa a waya, ta yi ta zama ita da fanka har haya ta ƙare. Kawu kuma yana nan a kasuwa, cinikinsa da 'yan sari masu zuwa daga ƙauyuka ne, mutanen da ke ƙirga turmi da hannu su ɗaure a buhu. Shi waya ba za ta ƙara masa wani abin kirki ba, ban kuma taɓa ce masa ya canza ba. Har yau in muka haɗu yana ce min mai shagon ɓoye.

Ƙanwata ce yanzu ke matsa min a kan TikTok, wai ana sayar da kaya kai tsaye mutane na kallo suna taya. Maigida ya ce ba a nuna fuska, muka daidaita a kan hannu kawai da murya, ita ke yi daren Juma'a a shagon bayan an rufe. Masu kallo suna da yawa, masu cewa "a ajiye min" sun fi masu turo kuɗi. Na ware mata shafi a littafi, datar da ta ci da turamen da suka fita da waɗanda aka fasa, bayan Babbar Sallah za mu zauna mu yi lissafi.